Azumin da Magajin Gari Ya Mayar Mana da Kaza

Jiya da la'asar na je kasuwar buɗa-baki ta unguwar Kampung Baru, a nan ƙasar wajen da muke zaune, sayen dabino da ruwan rake, sai da na yi ta kutsawa kafin na sami inda zan ajiye ƙafa. Rumfuna sun cika titi, hayaƙin gasasshiyar kaza ya turnuƙe, kowa da leda uku huɗu a hannu kamar daga yau an daina shan ruwa. Ina cikin layi hadari ya haɗo, kafin ka ce me an tsuge da ruwa. Muka cure a ƙarƙashin rumfa ɗaya, wani yana numfashi a ƙeyata, wani ya taka mini silifa, ba wanda ya damu. A nan ne azumin shekarar korona ya faɗo mini a rai, lokacin da ko a lifta ka haɗu da mutum sai kowa ya juya fuska bango.

A unguwar Bukit Jalil muke zaune a lokacin, hawa na goma sha huɗu, ni da matata Hajara da 'yarmu Ummi da ba ta daɗe da fara magana ba. Karatun digiri na uku ya kawo ni, a kan mulkin ƙananan hukumomi. Kafin nan na yi shekara takwas a sakatariyar ƙaramar hukumarmu, a ofishin ma'aikata, inda na ƙware a abubuwa biyu: neman fayil ɗin da ya ɓata, da sanin yadda ake shiga wurin ciyaman.

Dokar kulle ta riga watan azumi isowa. An rufe masallatai, an soke kasuwar buɗa-baki, mutum ɗaya kawai ake bari ya fita cefane daga kowane gida, shi ma ba ya nisa saboda shingayen 'yan sanda. Brickfields, inda muke sayo gero da wake da tsamiya a shagunan Indiyawa, ta yi mana nisa kamar Kano. Abin da ya rage a kabad shi muka riƙa lallaɓawa. Hajara ta samo gwangwanin madara ta mai da shi mudunta, kullum da safe sai ta auna gero ta jiƙa, ta share saman gwangwanin da yatsa don kada ƙwaya ta yi tsalle.

Zafin garin nan ba irin namu ba ne. Ba ya ƙona fata, jiƙa mutum yake. Tun hantsi riga take manne wa baya, ka zauna a gaban fanka tana hura maka iska mai ɗumi. Da azahar titin da ke ƙasanmu, wanda ba ya rabuwa da cunkoso, sai ya yi tsit, ba ka ganin komai sai masu babur ɗin kai abinci. Wajen ƙarfe huɗu sama take yin baƙi, a yi tsawa har gilashin taga ya girgiza, a zuba ruwa na awa guda a ɗauke. Daga nan sai jiran magariba, wadda ba ta zuwa sai bakwai ta gota.

Ƙofa huɗu ce a hawanmu. Tun ranar farko Hajara ta ce sai an kai wa kowace kunu. Na ce mata lokacin annoba ne, kuma geronmu a ƙirge yake.

"Haba Abban Ummi, azumi ne fa," in ji ta. "Ni ko a kan dutse aka ajiye ni sai na kai wa maƙwabta kunu. Zan tsinka shi, zai isa."

Haka aka yi. Ta zuba kunun tsamiya a kofunan roba, ta ɗaure ƙosai uku-uku a leda, ni kuma in sa takunkumi in rataya a hannun kowace ƙofa, in ƙwanƙwasa, in ja baya. A ƙofar da ke manne da tamu wani dattijon Bature ne yake buɗewa, dogo, farin gashi, kullum cikin riga mai dogon hannu da ɗamara kamar zai tafi ofis. Sai ya ɗauki ledar, ya leƙa ya ga sauran ƙofofin ma da tasu, ya ɗan sunkuyar da kai ya koma. Washegari mu tarar da kofin a ƙofarmu da tuffa ɗaya a ciki, ko ganyen shayi. Sunansa Marek, Hajara ta raɗa masa Baba Marek. Abin da muka sani game da shi ke nan, har aka kai azumi shida.

Ran na bakwai wata mata ta kira ni a waya. Ta ce sunanta Marta, ita ce mai gidan da ke kusa da mu, maigadi ne ya ba ta lambata. Mahaifinta ya zo mata hutu daga Poland, aiki ya kai ta wata ƙasa na mako guda, aka rufe iyaka tana waje. Tana yi masa odar abinci, amma yaji ya hana shi ci, kuma gwiwarsa ba ta barinsa sauka get ya karɓo a kan lokaci. Duk sanda ta tambaye shi sai ya ce komai lafiya.

"Don Allah ka riƙa duba min shi," in ji ta. "Taurin kai gare shi. Ya daɗe yana magajin garinmu, daga baya ya riƙe muƙami a gwamnatin lardi. Bai iya cewa yana bukatar abu ba."

Ina ajiye wayar na miƙe tsaye. Magajin gari! Ciyaman sukutum a bayan bangona, ni kuma ina rataya masa ƙosai uku a leda kamar wani ɗan haya. Kunya ta kama ni, amma in faɗi gaskiya ba ita kaɗai ba ce. Babi na huɗu na kundina ya tsaya cak saboda kulle ya hana ni zuwa hira da kowa, ga shi Allah ya kawo mini wanda ya yi aikin da hannunsa.

Washegari na fita cefane na bi layi a rana na sayo kaza guda. Na ce wa Hajara a yi farfesu marar yaji, a yi soyayyiyar shinkafa, a fito da kular nan mai ruwan zinariya da aka ba mu a biki.

"Duk wannan na wane ne?"

"Na Baba Marek. Ashe babban mutum ne."

"To jiya ƙaramin mutum ne?" Ta kalle ni ta gefen ido. "Su sauran maƙwabtan fa?"

"Su kununsu yana nan."

Na yi wanka, na saka shaddata da na tanada don Salla, na kafa hula. Na ɗauki tire da kaina na ƙwanƙwasa, da ya buɗe na ɗan rusuna yadda ake yi, na gaishe shi da irin Turancin da muke tanada don manya. Na ce mun ji labarin ko shi wane ne, a gafarce mu da ba mu sani ba tun farko. Na ƙara da cewa, in ya sami sarari, ina ɗan wani bincike a kan aikinsu.

Ya dubi kular, ya dubi hulata, sannan ya leƙa sauran ƙofofin, inda ledojin kunu ke reto.

"Su ma kaza aka kai musu?"

"A'a, ranka ya daɗe, wannan taka ce."

"To mayar da ita," in ji shi, ba tare da fushi ba. "Jiya maƙwabcinka ne ni. Yau ka mai da ƙofar nan ofis. Tambayoyinka kuwa ka kawo su baranda bayan ƙarfe huɗu, kyauta ne."

Ya rufe ƙofa. Na tsaya da tire a hannu, zufa tana bin bayana a cikin shadda. A shekara takwas na sakatariya na ga an mayar da takarda, na ga an mayar da mutum, amma ban taɓa ganin an mayar da kaza ba. Da na shiga gida Hajara ta karɓi tiren kawai ta wuce kicin.

Abin bai tsaya nan ba. Washegari na rataya masa kunu kamar kullum, bayan isha na leƙa na tarar da ledar a hannun ƙofarmu, ba a ko kwance ta ba. Haka jibi, haka gata. Na toshe hanyar da abinci mai ɗumi yake shiga gidan tsohon nan, da hannuna.

Barandarmu da tasa allon siminti ne ya raba su, in ka ɗan leƙo kana ganin kafaɗar mutum. Na fara fita bayan la'asar da littafi da biro, shi yana kan kujerarsa yana kallon ruwa. Da farko haushi ne ya kai ni, daga baya na rasa abin da ya fi mini daɗi a yinin kamar wannan awar. Ni dai so nake in gane wane irin ciyaman ne wannan.

Ya ce shi asalinsa injiniyan ruwa ne a wani gari da ba shi da girma, mai kogi da tsohuwar masaƙa. Da mulkin gurguzu ya faɗi aka ce kowane gari ya zaɓi nasa shugabannin, sai aka rasa masu tsayawa, don waɗanda suka iya mulki ba a yarda da su ba, waɗanda aka yarda da su kuma ba su iya ba. Maƙwabtansa suka tura shi kansila saboda shi ne ya san inda kowane bututu ya bi. Daga nan ya zama magajin gari. Hunturunsa na farko masaƙa ta rufe, rabin gari ya rasa aiki, tukunyar da ke ɗumama gidajen jama'a ta fashe ana tsakiyar ƙanƙara. Ya ce kwana huɗu ya yi da manyan takalma a ƙafa, ana kwashe tsofaffi zuwa makaranta inda ake hura wuta.

Na tambaye shi motoci nawa ke bin sa a lokacin. Ya ce wace mota? Keke yake hawa, in ƙanƙara ta yi yawa ya shiga bas. Na ce to 'yan rakiya fa, masu riƙe jaka, masu buɗe ƙofa? Ya ce jakar ba ta da nauyi. Na ce gidaje nawa ya gina? Ya ce yana nan a ɗaki biyu da falon da ya gada. Na ajiye biro na leƙa ta gefen allon don in ga ko wasa yake yi mini. Shi ma ya yi ta mamakin namu. Da na gaya masa cewa a wurinmu in ciyaman ya ƙi karɓar ragon Salla daga hannun mutum, mutumin zai kwana yana tunanin laifin da ya yi, sai ya ce in maimaita a hankali, yana so ya fahimta.

Rana ta biyar na yi ƙarfin hali na tambaye shi abin da kazata ta yi masa. Sai ya ba ni labarin agwagwa.

A shekararsa ta farko, wata tsohuwa da ta san mahaifiyarsa ta kawo masa gasasshiyar agwagwa ranar bikin Kirsimeti. Suka ci da iyalinsa, har suka yaba. Bayan wata biyu aka zo rabon rumfunan sabuwar kasuwa, ɗanta ya nema, bai cika sharaɗi ba, aka hana shi. Ranar buɗe kasuwa, ga jama'a ga masu busa, tsohuwar nan ta ratso taro ta tsaya a gabansa ta ce da ƙarfi, "Agwagwata ta yi daɗi?"

"Ba ƙarya ta yi ba," in ji shi. "Ta yi daɗi. Tun daga ranar ban ƙara cin abin wanda yake neman wani abu a wurina ba. Kuma in kana magajin gari, kowa yana neman wani abu."

Sau uku ana zaɓensa. Matarsa, kafin ta rasu, ita ke bin gidaje tana mayar da kek da zuma, tana ba mutane haƙuri. Da aka ɗauke shi zuwa lardi ya kula da hanyoyi da asibitocin garuruwa da yawa, abokan aikinsa suka daina gayyatarsa cin abinci, don in an gama sai ya nemi a ware nasa ya biya. Da ya dawo gida ya sake tsayawa takara, sai ya faɗi. Abokin hamayyarsa bai zarge shi da cin komai ba. Cewa ya yi mutumin da bai taɓa zama a teburin kowa ba, ta yaya zai san abin da ke damun mutane?

"Gaskiya ya faɗa?" na tambaya.

"Har yau ina tunani," in ji shi.

Na cika littafi biyu. Amma ina rubutu ina kallonsa, kuma abin da nake gani bai yi mini daɗi ba. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Wata rana da ya miƙe na ga ya huda sabon rami a ɗamararsa, da ƙusa ko da wuƙa, ramin ma a karkace. A ledar sharar da yake ajiyewa a ƙofa ba ka ganin komai sai gwangwanin kifi da ledar burodi. Ni ina jin yunwa da sanin cewa ƙarfe bakwai da 'yan mintuna za ta wuce, shi kuwa tasa ba ta da magariba. Na roƙe shi, na ce na janye batun bincike, zan yaga littattafan. Ya ce ai an riga an yi hirar, in na kawo abinci yanzu ya zama lada. Na ce to ya saya. Ya ce matata ba mai sayar da abinci ba ce, ba zai ci mutuncinta ba. Duk ta inda na ɓullo sai in tarar ya riga ni.

Ran azumi na goma sha bakwai, muna hira ana yayyafi, ya tashi zai shiga ɗaki sai na ji kujera ta kife. Na yi ta kiran sunansa. Can ya amsa daga ƙasa, ya ce jiri ne kawai, kada in kira kowa, kada in gaya wa Marta. Tsoro ya kama ni sosai. A lokacin nan in aka ɗauki tsoho zuwa asibiti ba mai bin sa, ba mai ganinsa.

Na shiga kicin na gaya wa Hajara. Tana tsaye a kan tukunyar dafa-duka, ta saurare ni har na gama.

"Kai da shi duk ɗaya kuke," in ji ta. "Kai ka iya bayarwa don a ba ka, shi ya iya ƙi don kada a tambaye shi. Ba wanda ya iya cin abinci a cikinku. Matsa min."

Ta ƙara wuta. Ina tsaye ina kallo ta bar shinkafar har ta fara ƙauri, ita da ko tuwo ba ya kama mata. Ta kwashe ta sama ta zuba mana a kula, ta yayyafa ruwa a gindin tukunyar ta rufe ya yi laushi, sannan ta sa cokali ta kankare ƙanzon. Ba ta nemi faranti ba. Wata tsohuwar robar askirim ta ɗauko, wadda murfinta ya tsage, ta zuba a ciki. Ta zura hijabin da take girki da shi, ta sa takunkumi, ta fita. Na laɓe a bayan ƙofarmu.

Ta daɗe tana bugawa kafin ya buɗe, yana dafe da bango.

"Baba, taimako na zo nema," in ji ta da Turancinta na kasuwa. "Abincina ya ƙone. Mijina ba ya cin ƙonanne, babban mutum ne. Mu kuma a wurinmu zunubi ne a zubar da abinci a watan nan. Ka taimake ni ka cinye."

Ya karɓi robar ya buɗe. Ya daɗe yana kallon abin da ke ciki, baƙi-baƙi, ja-ja, a dunƙule.

"Me kike so a wurina?"

"Robata. In ka gama ka ajiye min a ƙofa, ita ke nan gare ni."

Na ji wani sauti da ban taɓa ji daga gare shi ba, ashe dariya ce. Ya ce tun da ya shiga siyasa an kawo masa abubuwa iri-iri, amma ba a taɓa kawo masa ƙonannen abinci ba. Bai ko koma ciki ba. A bakin ƙofa ya sa yatsu ya ɓalli ƙanzon ya kai baki, ya sake ɓalla. Hajara ta juyo ta wuce ni ba ta kalle ni ba, amma na ga idonta ya cika.

Daga ranar tukunyarmu ba ta ƙara dahuwa lafiya ba. Yau shinkafa ta kama, gobe taliya, jibi faten dankali. Ƙanzon kuma kullum ƙara kauri yake, har ya zamana rabin tukunya ne ke ƙonewa. Na ga da idona tana tura yankan kifi a ƙasan robar tana rufewa da baƙin. Da na buɗe baki zan yi magana ta nuna ni da cokali.

"In ka kuskura ka gaya masa, kai za ka koma cin burodi da kifin gwangwani."

Kwana biyar kafin Salla muna baranda, an ɗauke ruwa, tururi yana tashi daga kwalta. Muryarsa ta dawo, har yana gardama da ni a kan harajin kasuwa. Sai ya matso kusa da allon.

"Matarka tana yawan ƙona abinci."

"Wallahi kuwa. Zafin garin nan ne."

"Jiya har cinyar kaza ta ƙone a ciki. Guda, ba ta ko yi baƙi ba."

Na ce, "Za ka mayar?"

"Na juya ta ta kowane gefe," in ji shi. "Na yi ta jira in ji abin da za a nema. Kwana takwas ke nan, robar kawai ake tambaya." Ya ɗan yi tari. "Kada ka gaya mata na gane. In ta san na sani, dole in daina ci, kuma ba na so in daina."

Na ce masa ban ji komai ba. Na koma ciki na tarar da Hajara tana ƙara wa tukunya wuta, ta tambaye ni me tsohon yake cewa. Na ce harajin kasuwa. Haka na riƙe wa kowannensu sirrinsa har aka ga wata, ni da na zo ƙasar nan koyon mulki, ina zaune a tsakanin mutum biyu da suka fi ni iya shi, ina shaƙar ƙaurin shinkafa.